Turawan da Suka Gano Ragunan Dutsi

Zuwa ga taubashina na Dutsi, ɗan gwaggona, bawan da Allah Ya ba ni ban saya da kuɗina ba. Gaisuwa irin ta ubangida da baransa.

Labarinka ya iso ni, kuma ba daga baki ɗaya ba. An ce tun da wani yaro ɗan makaranta ya haɗa maka shafin intanet na sayar da raguna da hatsi, ka daina zama benci ɗaya da talakawa. Ka sa an yi maka fom a shafin, inda mai saye zai zaɓi rago, gero ko wake, ya zaɓi farashi, ya danna. Da ka ga masu cike fom ɗin sun yawaita, cikin dare, kuma daga Amurka, sai ka shelanta a teburin mai shayi cewa Turawa sun gano ragunan Dutsi. Har wani Balami ka ƙi sallamawa a kasuwar Mai'adua, wai na fita waje ne. Da kwana ya ja babu wanda ya taya ko akuya, ka juya ka ce aljanu ne, ka turara wa kwamfutar habbatus-sauda.

Zauna in karantar da kai, don jahilcin bawa abin kunyar ubangidansa ne. Baƙon naka sunansa Googlebot. Manhaja ce da kamfanin Google ya saki tana sintiri daga shafi zuwa shafi, tana kwafe abin da ta gani, domin idan mutum ya nemi wani abu a nuna masa inda yake. Da can mahaɗai kawai take bi, in ta ci karo da fom sai ta juya. Alhali dukiya mai yawa tana bayan fom: jerin kaya, sunayen littattafai, jadawalin tafiya, duk ba sa fitowa sai an tambaya. A watan Afrilun 2008 wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Jayant Madhavan da Alon Halevy, suka sanar cewa manhajar ta fara cike irin waɗannan fom da kanta. Takan tsinci kalmomi daga cikin shafinka, ta zuba a gurbin rubutu, ta gwada zaɓin da ka jera, in amsar da ta fito sabuwa ce mai amfani ta adana. Wato geron da ka rubuta da hannunka shi aka maido maka, kai kuwa kana ta lissafin dala.

A lokacin kamfanin ya ce akwai iyaka. Fom na tambaya kawai za ta taɓa, wanda masana ke kira GET. Ba ruwanta da mai neman kalmar sirri ko bayanan mutum, kuma za ta bi umurnin mai shafi.

Amma ko ɗan mace yakan yi gaskiya sau ɗaya a shekara, don haka zan ba ka taka. Masu shafuka da suka fi ka wayo sun yi irin kukanka: baƙon yana ɗora wa na'ura nauyi, yana cika lissafin masu ziyara da tarkace, kuma ba a san abin da zai danna gobe ba. Tsoron yana da tushe. A 2005 wata manhajar Google mai suna Web Accelerator, wadda ke riga mutum buɗe mahaɗai don shafi ya yi sauri, ta riƙa bin mahaɗin gogewa a shafin Backpack na kamfanin 37signals, bayanan mutane suka salwanta. Sai dai da aka bi diddigi, magina ma suna da nasu kason laifi: sun ɗora gogewa a kan mahaɗin da kowa zai iya bi, ba su sa ta a fom na aikawa ba, wanda ake kira POST.

Maganin ba hayaƙi ba ne. Akwai wani ɗan fayil mai suna robots.txt, wanda Martijn Koster, mutumin Holand, ya ƙirƙiro a 1994, aka mayar da shi ƙa'ida a hukumance a 2022. A ciki kake rubuta inda ba ka son a leƙa. Amma ka sani, shi tamkar rubutun "Ba a shiga" ne a bangon zaure: mai kunya yake tsayarwa, ɓarawo kuwa ya nuna masa inda kaya suke. Googlebot tana da kunya. Masu watso tallan banza ba su da ita, su sai kwado: kalmar sirri, da gwajin nan na zaɓen hotuna. Lambobin wayar masu sayenka kuma ka killace su, domin tun 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, ni kuwa ba ni da kuɗin belin bawa.

Kada kuma zuciya ta ɗebe ka ka rufe shafin gaba ɗaya. In ka kori ɗan sintirin, mutumin Mashi ko Ingawa da ke neman ragon layya ba zai gan ka ba. Ba ka so a taɓa ka, kana so a san ka: halin 'ya'yan mata ke nan tun asali.

Ladan wannan darasi za mu lissafa shi tare da kuɗin shara idan watan cika-ciki ya kama. Amsa kuwa ka rubuto da hannunka. In na ga ta zo da ma'ana, zan gane Googlebot ce ta cike maka.