Bazazzage Ya Buɗe Shagon Tace Bidiyo

Malamin Zariya, bawan Kanawa. Labari ya iso mana cewa ka buɗe shagon tace bidiyo a Samaru, har ka buga kati mai ɗauke da sunan edita. Allah ya sa albarka. Sai dai an ce har yau ba ka tace ko minti ɗaya ba, kana can kana nazarin wace manhaja ce ta fi. Halinku ne. Tun da aka kafa muku jami'a a 1962, ko ƙosai Bazazzage zai saya sai ya yi bincike.

An ce ranka ya biya da Adobe Premiere Pro, don ka ji ita ce a hannun manyan editoci. Haka ne, amma ba a sayar da ita. Tun 2013 Adobe suka koma haya, wata-wata, kuma da dala. Ran da kuɗi ya yanke, ƙofa ta rufe. Kai da ake kai ruwa rana da kai kan kuɗin cajin waya? Kada kuma ka ce za ka ɗora ta bogi. Wata rana tana tsaka da aikin mutane za ta tsaya cak, dangin amarya na bakin ƙofa.

Final Cut Pro kuwa bar ta. Sai a kwamfutar Apple, kai ko a hoto ka san Apple.

Wadda na san ta sa ka washe baki ita ce DaVinci Resolve, saboda kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya bar ta kyauta. Kuma kyautar ba ta raini ba ce: ba ta manna tambari a aikin da ka fitar, tana kai wa har 4K, wajen gyaran kala kuwa masu manyan finafinai ma ita suke nema. Mai son ƙari ya biya dala 295 sau ɗaya, shi ke nan. To amma ka dubi kwamfutarka, wannan tsohuwar da ka gada, mai ram giga 4. Resolve tana son 16, da katin hoto mai ƙarfi. Ɗora ta a can, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Ka fara da tambayar wane aiki ne a gabanka. In bidiyon suna ne da za a tura a WhatsApp, ko tallan turaren Hajiya a TikTok, CapCut ta ishe ka a waya. Kamfani ɗaya ne ma ya yi ta da TikTok, ByteDance. In aikin kuɗi ne mai tsawo, biki ko wa'azi, Shotcut da Kdenlive kyauta ne, kuma sun fi tausayin tsofaffin na'urori. Ka lallaɓa da ɗaya har ka tara na sabuwar kwamfuta. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa bidiyon ɗaurin aurensa da tambarin KineMaster a kusurwa. Za a ce duk Arewa haka muke.

In ya gagara, hau mota ka zo Zoo Road a Kano, yaranmu su nuna maka a yini ɗaya. Ka taho da kuɗin sharar bara, ban manta ba.