Gamsasshen Bayani a Kan Hukuncin Ɗauke Kwano Hannu na Ciki

Ka sani, ya kai mai neman sani, kowace kwamfuta tana da maigida wanda ba a gani, masana na kiransa kanel. Shi ne mai rabon kwano: duk manhajar da ke son wurin ajiya a memori, gare shi take zuwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991 yana ɗalibi. Yau Linux yana zaune cikin kowace wayar Android, har da ta aljihunka, ko da yake bai taɓa yi maka sallama ba.

Ba da kwano ba shi da wuya. Karɓarsa ne ya sa wa masana furfura. Ga mas'alar: an gama da wani yanki na memori, ana so a mayar da shi rumbu, amma ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen na'urar hannunta na ciki, tana kai loma. In aka fizge kwanon aka zuba wa wani nasa, mai cin farko zai ci gaba da ci, bai san tuwon ya canza mai shi ba. Ɓarayin intanet sun fi kowa son wannan hali, domin sukan yi sauri su zuba tasu miyar.

Magabata sun tafi a kan kulle ƙofa: kowa zai ci, ya sa sakata. Wannan ya inganta, sai dai layi ya kai bakin titi. A 2002 sai wata mazhaba ta shigo Linux mai suna RCU, wadda shehinta shi ne Paul McKenney. A wurinta mai ci ba ya neman izini. Mai son gyara ne zai kwafi abin, ya gyara kwafin, ya nuna wa sababbin zuwa sabon kwano, tsohon kuma a bar shi inda yake. Har yaushe? Har sai an ga kowace ƙwaƙwalwa ta shiga halin da ba zai yiwu a ce tana riƙe da shi ba: ko ta sauya aiki, ko ta koma hidimar mai na'ura, ko ta zauna ba ta yin komai. A iya sanina, wannan ne kaɗai fannin da zaman kashe wando ke zama shaida karɓaɓɓiya.

Jiran kansa iri biyu ne. Akwai wanda zai tsaya a kan kwanon har a watse, sunansa synchronize_rcu. Akwai kuma mai uzuri, wanda zai bar sallahu ya tafi, sunansa call_rcu. Sallahun ɗan rubutu ne na bait 16 da ake liƙawa a jikin kwanon, yana faɗin wanda za a kira idan lokaci ya yi. Da aka duba sai aka tarar sallahu da yawa magana ɗaya suke yi, wato a mayar da kwano rumbu. Saboda haka a 2011 aka samar da kfree_rcu domin a huta da maimaitawa.

A nan akwai wata hikima da ya kamata ɗalibi ya gyara zama. A gurbin adireshin wanda za a kira, sai masana suka riƙa rubuta lambar da ba ta kai 4096 ba, domin sun san babu mai zama a waɗannan adireshi na farko. Kanel na ganin ƙaramar lamba sai ya gane ba kiran kowa ake so ba, nisan da ke tsakanin sallahun da bakin kwanon aka faɗa masa. Shekaru aka yi ana aika wasiƙa zuwa unguwar da ba kowa, kuma tana isa.

Daga nan jinkiri ya ci gaba da samun ɗaukaka. Aka ga mayar da kwano ɗaya-ɗaya wahala ce, aka koma tarawa a kwashe gaba ɗaya. Aka samu nau'in da ba ya ɗauke da sallahu, wanda in bai samu inda zai rubuta ba sai ya tsaya jira, aka raɗa masa kfree_rcu_mightsleep, ma'ana wataƙila ya yi barci. Ban taɓa ganin ma'aikacin da ya faɗi haka tun a takardar ɗaukar aiki ba. A 2023 kuma, cikin Linux 6.2, aka halatta wa wasu sallahu su yi daƙiƙa 10 ba a taɓa su ba, don kada a tashi ƙwaƙwalwa daga barci batir ya ƙare. Malalata aka sa musu suna, a rubuce. Iyakar sharaɗi kada jinkirin ya kai rumbu ya ƙare ƙarƙaf, domin a nan ne kanel ke zaɓar manhaja guda ya kashe ta ba shari'a.

Saura mas'alar nasaba. Duk wannan aiki na kfree_rcu ya girma ne a gidan RCU, cikin fayil mai suna tree.c, alhali rabinsa aikin masu rumbu ne. Ɗan wa ke nan, na masu jira ko na masu ajiya? Su ma masu rumbun ba su daɗe da raba gardamar cikin gida ba. 'Yan'uwa uku ne, SLOB da SLAB da SLUB, harafi ɗaya ya raba su. An sallami na farko a 2023, na biyu a 2024, SLUB ya gaje gida, amma har yau slab ake ce wa gidan.

A Linux 6.14, wanda ya fito a Maris 2025, Uladzislau Rezki ya kwashe kayan daga tree.c ya kai su slab_common.c. Irin wannan aiki shi ake kira sake fasali, kuma rukuninsa ɗaya ne: kada komai ya canza. Za a ɗauki ɗaruruwan layuka, manya su duba, a gwada a kan injuna iri-iri, duk don a tabbatar an iso daidai inda aka tashi. Wanda ya yi aikin har aka lura, ya ɓata.

Don haka, mai karatu, idan ka ce ba ka ji wani bambanci a na'urarka ba tun daga wannan lokaci, mun karɓi shaidarka, kuma za a isar wa masu aikin.