Masu Kibod a Jirgin Rigasa

Tun da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fara jigilar fasinja a 2016, wasu irin matafiya suka ɓullo tsakanin Idu da Rigasa: masu ɗan kibod ɗin nan marar igiya da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. An yi shi ne don sauƙaƙa rubutu, amma ya fi ƙwarewa wajen tona halin mai shi.

Akwai Alhaji Ofis. Kafin a wuce Kubwa ya warware kibod mai ninki uku, ya jingina waya da gorar ruwa, ya ɗora maka fawa bank a cinya yana cewa, "Ɗan riƙe min, ɗan'uwa." Gwiwar hannunsa ta cinye rabin kujerarka. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya buga saƙon da aka yi wannan shiri duka dominsa: "Mun taso."

Sai mai neman haɗi, wanda ni tausayi yake ba ni. Fitilar kibod na ƙyaftawa, waya na lalube, sun ƙi ganin juna. Da yake Bluetooth na kaiwa kusan mita 10, wayar ta jero masa abin kunnen rabin mutanen tarago, ban da abin da ke kan gwiwarsa. Ya kashe, ya kunna, ya ciro batir ya murza a tafin hannu, ya daddanna haruffa cikin fushi. Sai can wajen Jere zai tuna cewa irin su Logitech K380 na'ura uku suke riƙewa, kuma tun ɗazu nasa yana manne da babbar wayar da ke cikin jaka.

Wadda ta san darajar abin ita ce marubuciyar WhatsApp. Masu karatunta sun biya kuɗin littafi, suna jiran shafin yau, don haka yatsunta goma ba su da hutu. Kibod ɗin ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, amma ko a jikinta. Damuwarta tana kujerar gefe. Da can babban yatsa kan rufe rabin allo, yanzu kuwa waya na tsaye a fili, ga kuma Hajiya Mai Leƙe. Ita wannan ba ta sayi komai ba, tikiti kawai ta yanka, amma kafin a yi nisa ta san jarumin, ta tsani uwarsa. Can sai ta dafa kafaɗar marubuciya: "Ke 'yar nan, don Allah kada ki bari ya ƙaro wa matarsa kishiya."

Mai tambaya ba ya ɗaukar lokaci. Nawa ka saya? Ina igiyar? Yana shan data? Ka ce ba ya sha, ya ce a'a, da wuya. Sannan ya miƙo yatsa ya danna maka harafi ɗaya don ya gani da idonsa.

Gwarzonsu shi ne wanda jirgi ya tafi ya bari, ya shiga motar haya, su huɗu a baya, kuma ya rantse sai ya gama rahoton ofis kafin Kaduna. Kibod a gwiwa, waya a hannun yaron da ke kusa. Shi ya rubuta kalma ɗaya, ramin titi ya rubuta biyu.