Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Jinyar Lafiyayyar Mota

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Labari ya iso mu nan Kano ta bakin direbobin da ke lodi a Kwangila, cewa ka sake kwantar da Peugeot 406 ɗinka a gareji. Na tambaya me ya same ta, aka ce lafiyarta ƙalau, kai ne dai ka sa aka kwance altaneta da famfon mai da shokozoba huɗu aka ɗaura sababbi, wai don kada su mutu a hanya. Har maganarka an kwaikwayo mini: "Motana ya tsufa." To, mutanen da har yau ba su tantance mota mace ce ko namiji ba, ina za su san abin da ake canja mata?

Abin da ke ɗaure mini kai, ga jami'a a Samaru tun 1962, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna tun 1975, duk a bakin ƙofarku, amma sai Bakano ya bar shagonsa ya zo ya yi muku karatun mota.

Na san amsarka, rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, amma ba a ce a yi wa mai lafiya tiyata ba. Altanetan da ka cire, wanda motar ta zo da shi ne daga kamfani. Irinsu masu ƙera mota ba sa tsintowa a kasuwa, kamfanoni irin su Valeo da Bosch da Denso ne ke yi musu bisa ma'aunin da suka bayar, kuma sau da yawa yakan wuce kilomita 150,000 yana caji. Ko ya gaji, galibi burushi ne ya cinye ko boris ya fara kuka, mai rewaya ya canja maka su da kuɗi kaɗan ya ci gaba da aiki. Kai kuwa ka tumɓuke shi gaba ɗaya, ka sa wani mai ƙyalli a kwali wanda ko sunan ƙasar da aka yi shi ba ka duba ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Bari in faɗa maka sirrin kasuwa, tunda mu gadonmu ne. Je ka Ƙofar Ruwa a nan Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka ambaci kowane ƙarfe na mota. Mai gaskiya zai fara tambayarka, "Na nawa kake so?" Domin kayan hawa-hawa ne. Akwai sabo gangariya, wanda kuɗinsa zai sa ka cire hula ka share gumi. Akwai Beljiyom, wanda aka kwance daga wata motar a Turai. Sai kuma jabu, wanda ya fi kowa kyan kwali. Da na san ka da maƙo, na san hawan da ka saya. Shi kuma tsohon naka, yaron gareji ya wanke shi tas da fetur ya kai kasuwa, yanzu sunansa Beljiyom. Ina ma kyautata zaton shi ne a motar maƙwabcina, yana caji kamar ba gobe. Ya ce in yi maka godiya.

Yawancin kayan mota ba sa tafiya sai sun yi sallama. Shokozoba zai fara yoyon mai, mota ta riƙa rawa bayan ta haye tudu. Boris ɗin ƙafa zai yi ta gurnani, ƙarar na ƙaruwa da gudu. Takalmin birki zai yi ƙara, kuloci zai riƙa suɓucewa a hawa, kik zai riƙa ja da ƙyar da safe, altaneta kuwa har fitila yake kunna maka a gaban sitiyari. Waɗannan kunne suke so da ido. Matsalarka kana tuƙi rediyo a ƙure, kana musu da mai gabatar da shiri.

Wanda ba ya sallama shi ne ka manta da shi. Na tambayi masu kawo mini rahoto ko ka canja taimin bel, suka ce ba ka ma san motar tana da shi ba. Bel ne na roba mai haƙora, a ɓoye bayan murfi, shi ke sa bawul da fistin su riƙa kauce wa juna a kan lokaci. Ran da ya tsinke a inji irin naka, fistin zai haɗu da bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji, wani lokaci ma sai dai a nemi wani injin. Littattafan yawancin motoci masu bel suna cewa a canja shi daga kilomita 60,000 zuwa 100,000 da ɗoriya, ko bayan wasu shekaru ko da motar a ajiye take, kuma zafi da ƙurarmu ba sa ƙara wa roba kwana. Kada ka nuna mini agogon mota, 'yar Kwatano ce, ba ka san hannu nawa ya mayar da shi baya ba. In ba ka da shaidar ranar da aka canja bel, ka ɗauka ba a canja ba. A haɗa da tenshona da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya shi kuma aikin kwancewa ɗaya ne. Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 su ne ke da sarƙa, ba ruwansu da wannan fargaba muddin suna yin juye a kan kari. Kai ba ka cikinsu.

Sai tayoyi. Ka tsuguna, in girman kai zai bar ka, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take ba taya, Michelin kuma ta ce ko da zanenta bai goge ba kada ta wuce goma. Naka an ce sun girmi ɗan autanka. Man birki ma yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, kai kuwa sai dai ciko. Boljoyin a ɗaga mota a girgiza ƙafa a gani, kafin ta durƙusa maka a tsakiyar titi.

Na kuma ji bakanikenka ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Yanzu inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, yana ta zuƙar fetur, kai kana zagin gidan mai. Abu ɗaya da ya kamata a bari, shi aka cire ba a mayar ba.

Mako mai zuwa zan wuce Kaduna, zan tsaya a Zariya. Ina so in ga tsohon bel ɗin da idona, da rasit. In kuwa ka taso Kano kafin nan ta tsaya maka a Kwanar Ɗangora, kuɗin janwe naka ne, ni tsire kawai zan aiko maka.