Birki Mai Laushin Tuwo

Ina bin bayan wata tirela da ta ɗauko fatu daga Challawa, na taka birki, sai ƙafata ta nutse kamar na taka tuwon shinkafa. Ranar salati ne ya tsayar da motar.

A Sharaɗa bakanike ya leƙa, ya ce, "Alhaji, iska ce." Wai man birki ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, in ta shiga bututu, sai ka yi ta takawa a banza. Ya ɗora yaronsa a kujerata, ya tsuguna da sifana a tayar bayan da ta fi nisa da tukunyar man birki, yana ihu: "Famfa! Famfa! Riƙe!" Kumfa na fita, taya bayan taya, yana ƙara man DOT 4.

Yaron ya raɗa mini cewa ruwan Omo ya fi araha. Na ce, "Samari, Bompai za ni, ba lahira ba."

Iskar da kowa ke shaƙa kyauta, ni sai da na biya aka cire mini ita. Mai karatu, birki in ya yi laushi, gareji ake nufa, ba gindin tirela ba.