Masu Sayen SSD, Kowa da Irin Tasa

SSD ba abu ne mai wuyar sha'ani ba. Wani tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, ba ya ƙara, ba ya motsi, kuma cikin minti goma mai gyara zai ɗaura maka shi a laftof. Masu zuwa sayensa su ne masu wuyar sha'ani. Ko a titin Beirut na Kano ka zauna, ko a Banex ta Abuja, ko a Computer Village ta Ikeja, fuskoki ne kawai ke canzawa, halayen na nan yadda suke.

Kafin mu shiga cikinsu, ga abin da ake rigimar a kansa. Tsohon had-dis faifai ne na gaske, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, da wani ɗan hannu da ke kai-kawo a kansa yana laluben inda aka ajiye abu. SSD ba faifai, ba hannu. Ƙwayoyin ajiya ne na lantarki, jikokin waɗanda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Kafin faifai ya lalubo abu ɗaya, SSD ya miƙo kusan ɗari. Shi ya sa kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana tunani, da an sa mata SSD sai ta farka tun kafin ka gyara zama. Babban tsallen ke nan, kuma kowane SSD na ƙwarai zai yi maka shi. Sauran duk ƙari ne, amma a kan ƙarin ake yin yawancin surutun.

Na farko shi ne Mai Lamba. Ba ya gama sallama sai ya jefo tambaya: "Oga, wannan nawa yake gudu?" Ya haddace su tsaf. SSD nau'in SATA mega 550 a sakan, nau'in NVMe na zubi na uku 3,500, na huɗu 7,000, na biyar har ya doshi 14,000. Idan ka nuna masa mai 550 sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Tambaye shi aikin me yake yi da kwamfutar, zai ce maka "abubuwa da yawa." Matsa masa kaɗan, sai ka tarar abubuwan su ne rubuta takarda a Word, duba sakamakon ƙwallo, da kallon fassarar finafinan Indiya.

Abin da Mai Lamba ba ya son ji shi ne, waccan lambar ta jikin kwali ta kwafar ƙaton fayil guda ce. Tashin Windows da buɗe manhaja kuwa tsince-tsince ne na dubban ƙananan fayiloli, kuma a wannan aikin tazarar da ke tsakanin mai 550 da mai 7,000 sau da yawa ba ta wuce 'yan sakanni ba. Sannan ramin laftof ɗinsa na zubi na uku ne, don haka ko ya sa mai 7,000, a wajen 3,500 zai tsaya cak. Ya biya kuɗin gudun da kwamfutarsa ba ta da hanyarsa. Ƙari a kan haka, yawancin SSD na yanzu suna yin abin da mai tumatir ke yi ne, manya a saman kwando, ƙanana a ƙasa: akwai wani ɗan sashe mai saurin gaske da ke karɓar rubutun farko, idan ka ci gaba da zuba masa kaya sashen ya cika, sai gudu ya faɗo warwas. Idan kuma zafi ya yi yawa, kamar yadda yake yi a cikin siririyar laftof a watan Afrilu, SSD da kansa ke rage gudu don kada ya ƙone. Duk wannan bai dami Mai Lamba ba. Yana zuwa gida zai kunna manhajar gwada gudu ta CrystalDiskMark, ya ɗauki hoton lambobin, ya ɗora a WhatsApp. A gaskiya hoton ya saya. Mai tace bidiyon biki da ke jigilar giga ɗari biyu kullum, shi ne ke da hujjar neman wannan gudu, kuma abin mamaki shi bai cika yin surutu ba.

Alhaji Babba kishiyarsa ne. Shi gudu bai dame shi ba, girma yake so. An ce masa a cire faifansa mai tera ɗaya a sa SSD mai giga 256, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Yaro, ni ɗan kasuwa ne. Tsakanin dubu da ɗari biyu da hamsin, wanne ya fi? Ka karɓi babba ka ba ni ƙarami, sannan in yi maka ciko?" Ka buɗe faifan nasa ka duba, abin da ke ciki bai kai giga arba'in ba, rabinsa ma hotunan Umara ne da aka kwafa sau uku.

Idan an samu an lallashe shi ya sayi SSD mai tera ɗaya, washegari da sassafe zai dawo da kwamfutar a hammata. Windows ta nuna masa 931. "Ina giga sittin da tara nawa?" Sai mai shago ya fara bayanin cewa masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024, shi ya sa 512 ke fitowa 476, 256 kuma 238. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya kaɗa kai, ya ce ya gane, wato tun daga kamfani aka fara tauye mudun. Amma a ba shi haƙƙinsa: ƙyamar ƙaramin abu da yake yi ba shirme ba ce gaba ɗaya. Windows 11 kaɗai na neman aƙalla giga 64, SSD kuma idan ya cika maƙil yana yin nauyi, don haka wanda ya sayi mai 128 a yau ya sayi aikin goge-goge. Maganin Alhaji ma mai sauƙi ne idan laftof ɗinsa ta da ce mai wurin saka faifan DVD: a zare wurin, a sa ɗan akwatin da zai riƙe tsohon faifan, SSD ya ɗauki Windows, Alhaji ya tafi da dubunsa.

Sai Mai Sa'a. Ya shigo yana murmushi, ya ciro wani abu daga aljihu: SSD mai tera biyu, ya samo a intanet a kuɗin da ko mai 256 ba zai saya ba. Yana so a sa masa, yana kuma so a yaba wa wayonsa. Kwalin na sheƙi, sunan kamfanin ya yi kama da wanda kowa ya sani, harafi ɗaya ne kawai ya ɗan goce. An saka, kwamfuta ta nuna tera biyu. Ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne, an koya wa abin yin ƙarya ne kawai. Ainihin cikinsa wataƙila giga 32 ne ko 64, kuma da zarar ya cika, duk abin da aka ƙara zuba masa sunansa ne zai rage a jeri, cikinsa wayam. Ranar da zai gane ita ce ranar da wata amarya ta aiko a ba ta bidiyon kamunta da ya ajiye a ciki. Akwai manhaja kyauta, H2testw, da ke cika abin da rubutu ta sake karantawa ta tona asirinsa, amma Mai Sa'a ba ya yarda a gwada, domin a ganinsa gwaji hassada ce. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙanensa shi ne mai sayen "sabo dal" a leda ba kwali, wanda idan aka buɗe manhajar duba lafiyar SSD ta CrystalDiskInfo sai a ga abin ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a Turai kafin ya yi ritaya ya zo nan.

Akwai wanda bai taɓa juya kwamfutarsa ya ga cikinta ba. ThinkPad T430 ce ta 2012, amma ya sayo NVMe saboda an ce shi ne ƙarshe. Mai gyara ya kwance, ya duba sama ya duba ƙasa, babu ramin da zai shiga. "To ba za a ɗan fiƙe shi ba?" Ba za a fiƙe ba. Ko masu ramin M.2, wato ramin da irin wannan SSD ke shiga, ba su tsira ba, domin wani ramin SATA kawai yake ji, wani NVMe kawai, sannan ga tsawo: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80, wata laftof ɗin kuma gajere mai 30 ko 42 take ɗauka. Rasit ɗinsa an rubuta ba a mayar da kaya. Ɗan'uwansa a wannan baƙin ciki shi ne mai sabuwar MacBook da ya sayi ƙarama da niyyar "daga baya na ƙara," sai aka gaya masa ajiyarta a manne take da allon, babu daga baya.

Malam Mai Tsoro na fi tausayawa. Wani ya taɓa gaya masa cewa SSD na da adadin rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, kuma gaskiya ne. Tun ranar bai sake samun natsuwa ba. Kullum da safe sai ya duba lafiyar abin. Ranar da ta sauko daga 100 zuwa 99 bai ci abincin rana ba. Ya hana yara sauke fim, shi kansa yana tunani sau biyu kafin ya adana wasiƙa. Mu yi masa lissafi. Samsung 870 EVO mai giga 500, kamfanin ya ba shi garantin rubutun tera 300. Ko da Malam zai rubuta giga 20 kowace rana ta Allah, abin da ba ya yi, sai ya kwashe kwana 15,000, wato sama da shekara 40. Batirin zai mutu, madannai za su zube, murfin zai karye, Malam kansa zai yi jikoki, SSD na nan yana jiran rubutu. An yi masa wannan lissafin a takarda. Ya ce ya gode, ya koma gida ya duba ko 99 ɗin na nan.

Abin haushin shi ne, duk tsoron nan nasa bai sa ya kwafi takardunsa a wani wuri ba, kuma a nan suka haɗu da Ɗalibin Ajin Ƙarshe, wanda ya ji an ce SSD ba ya lalacewa tunda ba ya motsi. Eh, ya fi faifai jure faɗuwa da jijjigar Keke Napep. Amma faifai idan zai mutu yakan yi gargaɗi, ya yi ƙas-ƙas, ya yi nauyi, ya ba ka kwanaki. SSD sau da yawa lafiya lau za ku rabu da dare, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Abin da ka goge da kuskure ma ya fi wuyar dawowa, domin akwai umarnin da ake kira TRIM da ke sa shi share wurin da gaske ba da wasa ba. Ɗalibi zai zo saura kwana uku ya kare furojet, idanu jajur: "Don Allah yayana, babi na huɗu kawai nake so." Ina kwafin? Yana cikin kwamfutar. Ɗayan kwafin fa? Shi ma yana ciki, a wata jaka daban.

Mai Jira kuwa ba ya saye, ziyara yake kawowa. Duk wata sai ya leƙo ya tambayi farashi, ya ce zai sauka. Tarihi na bayansa: a 1991 SSD mai mega 20 da SanDisk ta yi dala 1,000 ne, yau kuwa da ƙasa da haka nesa ba kusa ba za ka samu tera. A 2023 ma farashin ya faɗi sosai a kasuwar duniya, har Samsung ta rage yawan abin da take ƙerawa. Sai dai a watan Yunin shekarar ne aka saki naira ta nemi darajarta da kanta, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin ya sauka a dala, ya hau a naira, Mai Jira yana tsaye a tsakiya da tsohon faifansa da ke ɗaukar minti huɗu kafin ya buɗe.

Kada a manta da Ɗan Rakiya, wanda ba kuɗinsa ba ne, ba kwamfutarsa ba ce, amma shi ke magana. Shi zai tambaya ko akwai DRAM a ciki, ko TLC ne ko QLC, tambayoyi masu kyau kuwa, da a ce yana sauraron amsa. Zai kushe uku, ya yabi wanda babu a shagon, ya sa mai kuɗin ya ruɗe har ya fasa, sannan a hanyar komawa ya ce a tsaya a sayi tsire.

Daga ƙarshe ga wanda aka yi wa komai daidai. An duba raminsa, an sa masa na ƙwarai mai 512, an gwada a gabansa, kwamfuta na tashi kafin ya ajiye jaka. Bayan kwana biyu sai ga shi da fuska a murtuke.

"Oga, wannan abin naka ba ya aiki."

"Subhanallahi! Ba ta tashi ne?"

"Tana tashi."

"Tana maƙalewa?"

"A'a. Amma YouTube har yanzu sai ya yi ta juyawa."

"Ranka ya daɗe, ai wannan matsalar sabis ce, ba ta SSD ba."

"To wanne za ka sa min da zai gyara sabis ɗin? Kuɗi ba matsala ba ne."

Mai Lamba, da ke zaune a gefe tun ɗazu, ya matso da kujerarsa ya ce akwai wani mai 14,000.