Tsokar Inna

Ranar Asabar muna tsakar gidan Hajiya Babba ana yi wa yara kitso, sai ga 'yar ƙanwarta da ke aiki a Ingila ta shigo gaisuwa. Ko ruwa ba ta sha ba Goggo, mai kula da Inna tsohuwar gidan, ta tare ta.

"Ke 'yar nan, wai da gaske ne a can mutum kan ɗauki uwar da ta haife shi ya kai ta gidan gajiyayyu?"

"Da gaske ne, Goggo. A irin gidan ma nake aiki. Na kula da tsofaffi ne, wasu har kuɗi masu kauri suke biya."

Wuri ya kaure da salati. Mai kitso ta ce, "Allah ya kiyashe mu. Mu tsohuwarmu tana ɗakinta, jikoki na hawa kanta."

"Allah ya saka muku. To Goggo, yau da me Inna ta karya?"

"Koko mana."

"Da rana fa?"

"Shayi da burodi. Da dare ɗan tuwo."

"Nama?"

"Da wane haƙorin? Tsokarta ai maigida ake ƙara wa."

Muka kwashe da dariya, don kowacce ta san haka ake yi a gidanta.

Yarinyar ta ce su a can duk wata sai sun ɗora tsoho a sikeli, kuma ana lura da abin da ya rage a faranti. Hukumar lafiyarsu ta NHS ta ba da shawarar duk mazaunin irin gidan ya sha bitamin D, maikirogiram 10 kullum, rani da damina. Daga Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, ga tsofaffin ba fita suke ba, ita kuma fatar tsoho ta yi sanyi wajen wannan aiki. A farkon 2021, lokacin korona, gwamnati ta raba wa gidajen na wata huɗu kyauta.

Goggo ta tafa hannu. "Ikon Allah, rana a kwalba! Su zo Kano a watan Afrilu mu auna musu da kwano."

"Yaushe rabon Inna da shan hantsi?"

Goggo ta gyara ɗaurin kallabi. "Ai tun da ta zame a banɗaki bara muka hana ta fitowa. Tana ɗakin ƙurya."

Hajiya Babba ta ce, "Kin ji mu. Ga rana kyauta, mun kulle tsohuwa a inuwa, wai tausayi."

Yarinyar ta ce ƙashi ba ya ƙarfi sai bitamin D ya taimaki jiki ya zuƙi sinadarin kalsiyam. A Ostireliya an gwada a gidajen tsofaffi 60, mutum sama da 7,000, tsawon shekara biyu. Rabin gidajen aka ƙara musu madara da yogot da cuku, ba ƙwaya ko ɗaya. Da sakamakon ya fito a 2021, karayar ƙashin ƙugu ta ragu da kashi 46 cikin 100.

"Ashe kindirmo ne!" in ji mai kitso. "Wanda 'yar Fulani ke kawo mana har zaure, mu ce kar a ba tsohuwa, zai sa mata sanyi."

"Shi ne. Kuka da zogale ma akwai kalsiyam ɗin, nan kam kun fi mu. Amma bitamin B12 sai a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Cikin tsoho ba ya tatsar sa kamar da, balle mai shan maganin suga na metformin shekara da shekaru. In ya yi ƙaranci sai kasala, mantuwa, ƙafa ta riƙa yi kamar ana tsira allura."

"Mu kuwa mu ce tsufa ne."

"Ko a ce hannu aka sa mata," in ji Hajiya Babba. "A kashe kuɗin hayaƙi, ba a je an gwada jini ba."

Yarinyar ta ce, "Shayin nan ma, in aka kora abinci da shi, yana tare sinadarin da ke ƙara jini. Gara a bar tazara, a matsa lemon tsami a kan wake."

Goggo ta buɗe baki za ta kare kanta, sai muka ji gyaran murya daga ɗakin ƙurya.

"Ina jin ku," in ji Inna. "Haƙora ne babu, kunnuwa suna nan. A fitar mini da tabarma gobe da hantsi. Kuma ku gaya wa maigidan, turmi bai ƙare a garin nan ba. A daka mini tsokata, har da ta bara da ya ci."